LISSAFIN SUWEZ DA LISSAFIN PANAMA

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin da ake duba takardun manyan ayyuka ya san yadda rahoton mai neman kuɗi yake zuwa. Bango mai sheƙi, shafi ɗari ko fiye, a can ƙarshe kuma ga jadawali yana nuna cewa aikin zai mayar da uwar kuɗi cikin shekara kaza, daga nan sai kwasar riba. Ni dai tun da na fara aiki ban taɓa ganin rahoton da ya ce aikinsa zai faɗi ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwa tarihin wani Bafaranshe, Ferdinand de Lesseps, wanda ya kafa kamfani biyu domin haƙa mashigin ruwa biyu. Na farko ya zama ɗaya daga cikin jarin da suka fi kawo riba a zamaninsa, na biyu kuwa ya cinye dukiyar mutum wajen 800,000. Irin lissafin da aka yi wa na farko shi aka yi wa na biyu.

Shi Lesseps ba injiniya ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba. An haife shi a 1805, ya yi aikin jakadanci, kuma a lokacin da yake ƙaramin jakadan Faransa a Masar cikin shekarun 1830 ya saba da Sa'id, ɗan Muhammadu Ali Basha. Ana ba da labarin cewa mahaifin yaron ya hana shi cin abinci da yawa saboda ƙiba, shi kuwa Lesseps yakan ba shi taliya a ɓoye. Da Sa'id ya hau mulkin Masar a 1854, Lesseps ya garzaya wurinsa, cikin watan Nuwamba na wannan shekara ya samu takardar izinin haƙa mashigi tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya. Sharaɗin shi ne kamfanin zai riƙe mashigin shekara 99 daga ranar buɗewa. Gwamnatin Masar za ta karɓi kashi 15 cikin ɗari na ribar, waɗanda suka kafa kamfanin kashi 10, sauran kashi 75 na masu hannun jari.

Kafin a zuba kuɗi a aiki irin wannan, tambayoyin da ake yi ba su da yawa. Nawa aikin zai ci, yaushe zai ƙare, nawa zai riƙa kawowa, kuma wa zai ɗauki asara idan lissafi ya kuskure. An tara wani kwamiti na injiniyoyi daga ƙasashen Turai, suka je suka duba wurin, suka ce aikin zai yiwu, kuma zai ci faran miliyan 200, watau kuɗin Faransa na wancan zamani. Ta wajen kuɗin shiga, lissafin Lesseps mai sauƙi ne ƙwarai. Ya ce jirage masu nauyin tan miliyan 3 za su riƙa ratsawa kowace shekara, kowane tan zai biya faran 10, ke nan faran miliyan 30. A watan Nuwamba na 1858 aka fitar da hannun jari 400,000, kowane a kan faran 500. Faransawa suka sayi fiye da rabi, yawancinsu ƙananan mutane, ma'aikata da masu kantuna da sojoji. Ingila kuwa ta ƙi. Firayim Minista Palmerston yana ganin aikin wata dabara ce ta yaudarar masu kuɗi, sa'an nan yana tsoron kada Faransa ta kama hanyar Indiya. Shahararren injiniyan titin jirgin ƙasa, Robert Stephenson, shi ma ya ce ba zai yiwu ba. Hannun jarin da aka ware wa Ingila da Amurka da Rasha da Ostiriya ya yi kwantai, sai aka ɗora wa Sa'id, har ya tashi da wajen 177,000.

An fara haƙa ranar 25 ga Afrilu, 1859. A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi, domin shi ne gindin arahar da aka gani a takarda. Yarjejeniyar ta ɗora wa Masar kawo huɗu cikin biyar na ma'aikata, kuma da aikin tilas aka kawo su. Manoma ne ake ɗebowa daga ƙauyuka, wajen 20,000 a kowane wata, suna haƙa da fartanya suna kwasa da kwando. Kamfanin bai saka gonakin da suka bari a lissafinsa ba, balle waɗanda suka mutu. Da Isma'il ya gaji Sa'id a 1863 ya nemi a daina aikin tilas, rigima ta tashi, aka kai ƙara gaban Sarkin Faransa Napoleon na Uku, wanda matarsa 'yar'uwar Lesseps ce. A 1864 ya yanke cewa Masar ta biya kamfanin diyyar faran miliyan 84. Da wannan kuɗi da wasu basussuka aka sayo manyan injunan yasar ƙasa, kuma su ne suka yi mafi yawan haƙan. Aka buɗe mashigin ranar 17 ga Nuwamba, 1869, bayan shekara goma, ya kuma ci sama da faran miliyan 400, fiye da ninki biyu na ƙiyasin farko.

Biki ya ƙare, baƙi suka watse, jirage kuwa ba su zo ba. A 1870 jirgi 486 ne kacal suka ratsa, nauyinsu bai kai tan rabin miliyan ba, inda aka sa ran miliyan 3. Dalili kuwa, yawancin jiragen da ke zuwa Gabas a lokacin masu filafilai ne, iska ke tura su, kuma iskar Bahar Maliya ba ta yi musu daɗi, ga kuɗin jan su cikin mashigin. Gara su zagaya ta kudancin Afirka yadda suka saba. Hannun jarin da aka saya faran 500 ya faɗi ƙasa da rabin kuɗinsa a 1871, kamfanin ya kasa biyan masu jari abin da ya yi musu alkawari, saura ƙiris ya durƙushe.

Abin da ya cece shi ba ya cikin rahoton kwamitin injiniyoyi. A daidai waɗannan shekaru ne maƙeran jirage a Birtaniya suka kyautata injin tururi wanda ba ya cin kwal da yawa, har jirgi zai iya doguwar tafiya ya kuma bar wurin kaya. Ga irin wannan jirgi, mashigin ya rage tafiyar Landan zuwa Bombai da wajen kashi 40 cikin ɗari. 'Yan kasuwa suka koma jiragen tururi, a 1880 jirgi sama da 2,000 suka ratsa, aka kai tan miliyan 3 ɗin nan, bayan shekara goma da buɗewa. Abin dariya, wajen uku cikin huɗu na jiragen na Ingila ne, ƙasar da ta ce aikin ba zai yiwu ba.

Masar fa? Bashi ya yi wa Isma'il katutu, a 1875 ya sayar wa gwamnatin Ingila hannun jarinsa 176,602 a kan fam miliyan 4 ba kaɗan. Firayim Minista Disraeli ya ranto kuɗin daga gidan Rothschild domin majalisa tana hutu. Da yake Isma'il ya riga ya jinginar da ribar hannun jarin har zuwa 1894, sai da Masar ta riƙa biyan Ingila kashi 5 cikin ɗari kowace shekara a kan abin da ta sayar. A 1880 aka sayar da kashi 15 ɗin nan na riba ga wani bankin Faransa a kan faran miliyan 22. A 1882 sojojin Ingila suka mamaye ƙasar. Watau ƙasar da ta ba da ƙasa da ma'aikata da kusan rabin jari ta fita daga cinikin tun kafin riba ta kankama, ba ta sake riƙe mashigin ba sai ranar 26 ga Yuli, 1956, da Jamal Abdul Nasir ya mayar da kamfanin mallakar ƙasa, saura shekara 12 wa'adin ya cika. Saboda haka idan an ce Suwez ya yi riba, sai a tambaya, a littafin wa?

Bari in ɗan tsaya a kan yadda kamfanoni suke auna irin wannan al'amari, domin a nan ne za a gane abin da shekara goma na jira take nufi. Hanya mafi tsufa ita ce a ƙirga shekarun da aiki zai ɗauka kafin ya mayar da uwar kuɗi. Kowane ɗan kasuwa ya san ta, amma tana da aibi biyu: ba ta kula da abin da zai shigo bayan an mayar da uwar kuɗin, kuma tana ɗaukar kuɗin baɗi daidai da na bana. Hanya ta biyu ta gyara wannan. Idan kuɗinka zai iya kawo maka kashi 10 cikin ɗari a wata sana'a, to naira 100 da za a ba ka bayan shekara goma daidai take da naira 39 a hannu yau, domin 39 ɗin idan ka juya ta za ta kai 100. Wadda za ta zo bayan shekara ashirin, naira 15 ce. Ta bayan shekara hamsin ko naira ɗaya ba ta kai ba. Sai a bi duk abin da za a kashe da duk abin da za a samu, shekara bayan shekara, a mayar da kowanne darajarsa ta yau, a ɗebe wannan daga wancan. In an samu saura, aikin ya cancanta. Hanya ta uku 'yar'uwar ta biyu ce, a nemo adadin ribar da aikin kansa yake bayarwa a shekara, a gwada da tsadar kuɗin da za a ranto.

Da wannan ma'auni, wa'adin shekara 99 da ya burge masu sayen hannun jari ba shi da nauyin da suke zato, domin rabinsa na ƙarshe kusan ba ya ƙara kome a lissafin ranar farko. Shekarun farko su ne masu nauyi, su ne kuwa suka zo fanko. Injiniyoyin titin jirgin ƙasa irin su Arthur Wellington na Amurka sun yi amfani da wannan tunani tun cikin shekarun 1880, masanin tattalin arziki Irving Fisher ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1907 da 1930, amma bai zama ruwan dare a kamfanoni ba sai bayan 1950, musamman bayan littafin Joel Dean na 1951. Wani bincike da John Graham da Campbell Harvey suka buga a 2001, inda suka tambayi shugabannin kuɗi na kamfanoni 392, ya nuna wajen uku cikin huɗu suna amfani da hanya ta biyu da ta uku, amma fiye da rabi ba su saki tsohuwar hanyar ba. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa cikin shekara huɗu, abin da yake faɗa a fakaice shi ne bai yarda da duk wani ƙiyasi da ya wuce shekara huɗu ba.

Sai dai kowace hanya aka bi, lambobin da aka zuba mata su za ta tauna. Wannan ya kawo mu Panama.

A watan Mayu na 1879 aka kira babban taro a Faris domin zaɓen hanyar da za a haɗa Tekun Atlantika da na Fasifik. Lesseps yana da shekara 73, sunansa ya cika duniya, kuma ya shigo taron da shawararsa a aljihu: a haƙa a Panama, wadda take ƙarƙashin Kolombiya a lokacin, kuma a yi shi daidai da bakin teku, ba hawa ba sauka, kamar na Suwez. Wani injiniya mai suna Godin de Lépinay, wanda ya taɓa aiki a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, ya miƙe ya ce a maimakon a fasa duwatsu har ƙasa, a datse kogin Chagres a yi tafki a tudu, a riƙa ɗaga jirage zuwa cikinsa da ƙofofin ruwa masu hawa-hawa. Ya yi gargaɗi a kan yawan rayukan da haƙa mai zurfi zai ci. Ba wanda ya saurare shi. Taron ya amince da ra'ayin Lesseps, ya ƙiyasta faran miliyan 1,200 da shekara 12.

Yanzu a bi wannan lamba a ga yadda ta narke. Yunƙurin farko na tara jari a 1879 ya ci tura, mutane ba su saya ba. Lesseps ya tafi Panama da kansa a ƙarshen shekarar, da rani, lokacin da sama take garau kogi kuma ya kwanta. Kwamitin injiniyoyin da ya tafi da su ya sauke ƙiyasin zuwa miliyan 843 da shekara takwas. A cikin jirgi, a hanyarsa ta zuwa Niyok, ya ɗauki alƙalami shi kaɗai ya soke wannan ya rage wancan, ya mayar da shi miliyan 658. Daga baya 'yan kwangila suka ce za su yi a kan 512. Ba wani sabon awo da aka yi a ƙasa wanda ya kawo wannan ragi, dutsen yana nan yadda yake. Abin da ake nema shi ne lambar da jama'a za su iya haɗiya. A watan Disamba na 1880 aka fitar da hannun jari na faran miliyan 300 kawai, aka kashe kuɗi mai yawa a kan jaridu da bankuna domin su yaba, mutane suka yi rububi har aka nemi ninki biyu na abin da aka fitar. Kamfanin ya fara aikin da taron masana ya ce zai ci miliyan 1,200 da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin.

Hujjar da kowa ya riƙe ita ce, ai an faɗi haka a kan Suwez. An ce ba zai yiwu ba ya yiwu, kuɗi ya ninka amma an biya, wanda ya yi haƙuri ya yi arziki. Panama ma ko rabin tsawon Suwez bai wuce ba, wajen kilomita 80 ne a kan 160 da 'yan kai. Amma Suwez rairayi ne shimfiɗaɗɗe a ƙasar da ruwan sama bai dame ta ba. Panama daji ne mai duhu, ana zuba ruwan da ya kai mita uku a shekara a gefen Atlantika, kogin Chagres yakan cika ya tumbatsa cikin kwana ɗaya, ga tudun Kulebra wanda duk abin da aka haƙa da rani sai damina ta zabtaro ƙasa ta mayar. Babu kuma wani Basha da zai aiko da manoma kyauta ko a ci shi tarar miliyan 84. Ma'aikata sai an ɗauko su da lada, yawancinsu baƙar fata daga Jamaika. Titin jirgin ƙasa da ke wurin ma sai da kamfanin ya saye shi da tsada a 1881.

Ga kuma ciwo. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro suka yi ta kashe mutane, a lokacin kuwa ba a tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa su ba, sai a 1897 da 1900. A asibitin kamfanin, wanda aka kashe wa kuɗi sosai, akan sa ƙafafun gado cikin kwanonin ruwa don hana tururuwa hawa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa a ƙarƙashin majiyyaci. Babban injiniya Jules Dingler, wanda ya zo a 1883, ya rasa ɗansa da 'yarsa da saurayin da za ta aura, daga baya matarsa. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu a zamanin Faransawa da wajen 22,000.

Akwai wata al'ada da ta ƙara dagula lissafin. Kamfanin yana biyan masu hannun jari kashi 5 cikin ɗari kowace shekara tun ana haƙa, alhali ko jirgi ɗaya bai wuce ba. Daga cikin kuɗinsu ake ɗiba a ba su, su kuwa suna murna jari yana haihuwa. Da kuɗi ya ƙare aka shiga sayar da takardun bashi, kowane zubi ya fi na baya tsadar kuɗin ruwa, har ya zama wani babban kaso na sabon bashi yana tafiya wajen biyan ruwan tsoho. A irin wannan hali tambayar da ta dace ita ce, daga yau nawa ya rage a kashe, kuma me zai dawo? Abin da aka riga aka binne ya tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Amma ba shugaban da ke son ya tsaya gaban masu jari ya faɗi haka, kuma a nan ina ganin laifin na mutane da yawa ne, domin injiniyoyi da 'yan majalisar kamfanin sun ga alkaluman. Sai a 1887 Lesseps ya yarda a koma ga ƙofofin ruwa, aka ba Gustave Eiffel kwangilar ƙera su. A 1888 aka nemi izinin majalisar dokoki a sayar da takardun bashi masu haɗe da caca, aka samu izinin, amma jama'a ba su saya yadda ake bukata ba. A watan Disamba kamfanin ya daina biya, ranar 4 ga Fabrairu, 1889 kotu ta rushe shi. An kashe wajen faran miliyan 1,400.

A 1892 asiri ya tonu cewa an ba 'yan majalisa da 'yan jarida toshiya domin samun wancan izini. An ambaci sunayen 'yan majalisa fiye da ɗari, amma tsohon minista ɗaya ne, Baïhaut, wanda ya amsa laifinsa da bakinsa, aka ɗaure. A 1893 kotu ta yanke wa Lesseps da ɗansa Charles shekara biyar-biyar, Eiffel shekara biyu, daga baya babbar kotu ta soke hukuncin saboda lokacin shigar da ƙara ya wuce. Tsohon bai shiga kurkuku ba, hankalinsa ma ya riga ya gushe, ya rasu a 1894.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙarni na 19 ne. Ramin jirgin ƙasa da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994, kamfani ne ya gina shi da kuɗin bankuna da na masu hannun jari, an kuma yi masa duk lissafin zamani da na bayyana a sama. Ya haura ƙiyasinsa da wajen kashi 80 cikin ɗari, fasinjoji suka zo ƙasa ƙwarai da yadda aka zata, a 1995 kamfanin ya dakatar da biyan ruwan bashinsa. Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa sun duba ayyukan sufuri 258 a wani bincike na 2002, suka samu tara cikin goma sun wuce kuɗin da aka ƙiyasta musu. Shawarar da ta fito daga irin wannan bincike ita ce, kafin a karɓi lambar mai aiki a fara duba abin da ayyuka masu kama da nasa suka ci a zahiri. Sai dai ita ma tana da tarko, domin masu jarin Panama sun yi kwatance, da Suwez suka kwatanta.

Amurka ta sayi kayan aikin Faransawa da haƙƙinsu a 1904 a kan dala miliyan 40, bayan ta mara wa Panama baya ta ɓalle daga Kolombiya a 1903. Wannan karon baitulmalin gwamnati ne ya biya, ba mai jiran kashi 5 a ƙarshen shekara. Likita William Gorgas ya fara da yaƙar sauro, injiniyoyi suka datse kogin Chagres a Gatun, suka yi tafki, suka gina ƙofofin ruwa masu hawa-hawa, kusan yadda de Lépinay ya zana a taron 1879. Aikin ya ci wajen dala miliyan 375, aka buɗe shi ranar 15 ga Agusta, 1914, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta riƙe shi har ranar 31 ga Disamba, 1999, da ta miƙa wa Panama.